Abin da Aka Rubuta da Sunan Mas'uda

Mas'uda tana durƙushe a gindin murhu tana hura wutar koko, hayaƙi ya cika mata ido, sai ta ji an dire abu mai nauyi a bayanta. Da ta waiga ta ga jarkoki uku na man gyaɗa, ga mai su tsaye a kansu. Inna Saude ce ta ƙasan layi, matar da Mas'uda take yi wa aikin suya da matsa tun bayan rasuwar mahaifiyarta. Ko sallama ba ta yi ba, abin da ba a san ta da shi ba, mayafinta ya zame a kafaɗa, idanunta sun kumbura don kuka.

"Inna, ina kwana..."

"Riƙe gaisuwarki. Kin ga waɗannan? Daga kasuwar Rogo aka dawo mini da su jiya, ko murfinsu ba a buɗe ba. Shekara ashirin da biyu ina kai mai kasuwar nan, ban taɓa dawowa da ko kwalba ɗaya ba. Me na yi miki, Mas'uda? A kwano ɗaya kike cin abinci da 'ya'yana."

"Inna, ban gane ba, me aka ce na yi?"

"An karanta mini a waya, da kunnena na ji. Wai ruɓaɓɓiyar gyaɗa nake saye ina matsewa, wai man da na sayar ne ya kwantar da yara a Tudun Kaya. Sunanki ne a sama. Na kai ƙara wurin mai unguwa, ranar Alhamis za a zauna, in ya tabbata ke ce hukuma zan kai ki. Ni dai na bar ki da Allah."

Ta sa aka kwashe mata jarkokinta ta fita. Mas'uda ta zauna daɓas a ƙasa, kokon ya tafasa ya zube a wuta ba ta sani ba. Ba ita ta rubuta ba. Amma ta san inda rubutun ya fito, kuma wannan sanin shi ne ya fi tsorata ta.

Mas'uda marainiya ce, shekararta goma sha tara. Mahaifinta ya rasu tana goye, mahaifiyarta Kande ta bi shi shekara uku da suka wuce, ta bar ta a hannun ƙanin mahaifinta, Baffa Hammawa, a wani ƙaramin ƙauye da ke gefen Ruwan Bago. Karatunta bai wuce firamare ba, ga ta da kunya, in mutum uku suka taru ba ta iya ɗaga ido. Abin da ta gada bai wuce tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi ba, sai kuma sanin gyaɗa da ta kwasa daga bakin mahaifiyarta. Malama Sadiƙa, wadda ta koyar da ita a aji shida kafin a mayar da ita Ƙaraye, ita ce ta zo ta'aziyya ta gan ta tana ta rubuta maganganun marigayiyar a bayan tsohon littafi don kada ta manta. Nan ta buɗe mata shafi a wani dandali da ake kira Rumbu, ta zaunar da ita ta yi mata bayani.

"Wannan ba kamar sauran ba ne, Mas'uda. Ba kamfani ɗaya ne yake riƙe da abin da kika rubuta ba, na'urori ne da yawa a ƙasashe daban-daban, kowace tana ajiye nata, shi suke kira bulokcen. Abin da kika sa ya zauna ke nan, ko ke ba za ki iya goge shi ba. Wanda ya karanta ya ji daɗi zai jefa miki ƙuri'a, ƙuri'un su zama tukuici da ake iya canzawa zuwa kuɗi. Ga kalmomi goma sha biyu na rubuta miki a takardar nan, su ne makullin shafin. Duk wanda ya riƙe su, a wurin na'ura shi ne Mas'uda."

Haka yarinyar da ba ta iya magana a cikin mutane ta samu bakin magana. Ta rubuta yadda ake gane gyaɗa ta soyu daga ƙamshinta, da yadda mahaifiyarta take ajiye iri da toka ya kai wata damina, da dalilin da ya sa ƙuli-ƙulin wasu yake shan mai. Mata daga garuruwan da ba ta taɓa zuwa ba suka riƙa yi mata addu'a suna jefa ƙuri'a. Tukuicin ba wani mai yawa ba ne, amma ya isa ta sayi sabulu da data ba ta roƙi kowa ba, har ranar da ta sayo wa Baffa kwanon sukari da azumi, ya tambaye ta inda ta samu, ita kuma ba ta iya ƙarya ba.

Washegari ya kira ta zaure. "Dukiyar maraya ba a barin ta a hannun maraya," in ji shi. "Haka muka taso muka gani. Gona ce, akuya ce, waliyyi ne yake riƙewa har ranar da yarinya za ta tafi ɗakinta. Kawo takardar, ki haɗo da wayar."

Ta tuna maganar Malama. Yaya za ta dubi ƙanin mahaifinta ta ce a'a? A ganinta ma kamar akuyar ce, an ɗaure ta a turken Baffa, ranar da aka kwance za ta dawo yadda take. Ta kawo da hannu biyu. Shi kuwa ya miƙa wa 'yarsa Nusaiba, wadda ta gama sakandare, ya ce ita ta san boko, ta riƙa kula da abin. Nusaiba ba ta san komai game da gyaɗa ba sai ci. Da ta ga ƙuri'u suna raguwa, sai ta lura cewa abin da ya fi tara mutane shi ne tonon asiri, ta fara da ƙananan gulmace-gulmace, wata biyar ana haka, har ta kai ga Inna Saude.

Da Inna Saude ta fita a safiyar nan ta Litinin, Mas'uda ta rarrafa har gaban Baffa tana kuka. "Baffa, ka taimake ni ka gaya musu. Ka san wata biyar ke nan takardar nan da wayar ba sa hannuna."

Ya ci gaba da gyara igiyar sansa bai dube ta ba. "Wace takarda?"

"Wadda na ba ka a zaure..."

"Wa ya gani? Ki iya bakinki, yarinya. Nusaiba an sa mata rana, saura wata biyu, ba za ki ɓata mini ita ba. Ke marainiya ce, in kin amsa kin ba da haƙuri za a tausaya miki. In kuwa kika ambaci sunanta a gaban mai unguwa, ki nemi wani uban."

Nusaiba tana bakin ƙofa tana kankare lalle a ƙafa, ta yi dariya. "Malama marubuciya, ashe haka kike da baki? Mu da muke zaton ko gaisuwa ba kya iyawa."

"Yaya Nusaiba, ki ji tsoron Allah..."

"Sunana ne a shafin ko naki?"

Kafin azahar zancen ya gama ƙauyen. Da ta je rijiya matan da suke hira suka yi shiru, wata ta janye guganta ta ce ba ta so a rubuta ta a waya. Ranar Talata abin ya ƙaru, domin da hantsi Baffa ya kira maƙwabta biyu ya ce a bincika ɗakinta, aka zazzage jakar kayanta a tsakar gida, sai ga tsohuwar wayar ta faɗo daga cikin zanin mahaifiyarta. Mas'uda ta dube ta kamar ta ga maciji. Ba ta san lokacin da aka saka ta ba. Baffa ya ɗauka ya nuna wa mutane yana girgiza kai, yana cewa ya yi iya ƙoƙarinsa a kan tarbiyyarta, ya sa a aljihu ya ce shaida ce ta ranar Alhamis. Ta koma ɗaki ta rungume zanin tana kuka, tana kiran mahaifiyarta da ba za ta amsa ba, tana cewa, "Ya Allah, Kai ne gatan wanda ba shi da gata, Ka ga ban yi ba, kada Ka bar ni a hannunsu..." Abinci ma ba a miƙo mata ba ranar, ita ma ba ta nema ba. Abin da yake cin ranta ba ɗaurin hukuma ba ne kawai, sunanta ne, da sunan Kande da ke kan kowane rubutu na shafin, yanzu ga shi an jera shi da ƙazafi.

Ranar Laraba bayan sallar asuba ta saci jiki ta fita. Ta yi tafiya a ƙasa har bakin titi, ƙafarta ta yi bororo, kafin wani direba mai ɗaukar buhunan masara ya tausaya mata ya ɗora ta a baya. Da tambaya ta gano gidan Malama Sadiƙa a Ƙaraye, rana ta take. Tana ganin ta ta zube a ƙafafunta.

"Malama, ki goge shi. Don girman Allah ki goge shi kafin gobe."

Malama ta ɗaga ta, ta ba ta ruwa, ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta sauke numfashi. "Na ga rubutun tun ranar da ya fito, na yi ta kiran wayarki a kashe. Mas'uda, ba ya goguwa. Ko makullin yana hannunmu ba ya goguwa."

"Har abada?"

"Har abada."

Mas'uda ta kifa kanta a tabarma ta yi kuka mai cin rai. Ashe ko ta mutu abin nan yana nan, jikokin Inna Saude za su taso su karanta, su ga sunanta a kai. Malama ta bar ta ta yi mai isarta, ita kuma tana ta latsa wayarta, can sai ta tsaya, ta gyara tabarau, ta dubi agogon bango ta sake duban wayar.

"Ina wayarki yanzu?"

"Tana aljihun Baffa."

"To. Ki ci abinci in sa a mayar da ke. Gobe ina da aji da safe, zan roƙi izini in zo. Ban yi miki alkawarin za su gane ba, mutanenmu ba su saba da irin wannan shaida ba, amma zan zo."

Ranar Alhamis da hantsi zauren mai unguwa ya cika, har a waje mutane suna leƙe. Mas'uda tana rakuɓe a gefe ita kaɗai, idonta yana kan hanya. Inna Saude ta faɗi ƙararta. Baffa ya fito da wayar ya ajiye a kan buzu, ya ce shi bai san komai ba, yarinya ce ta fi ƙarfinsa. Nusaiba ta ce ita ko sunan dandalin ba ta sani ba. Mai unguwa ya juyo.

"Ke Mas'uda, shafin naki ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wayar fa?"

"Tawa ce... amma ba ni na rubuta ba."

"To wa ya rubuta?"

Ta dubi Baffa, ya zuba mata ido. Hawaye kawai suke zuba mata. Aka fara guna-guni, wani ya ce shirun nan ai amsa ce. Ta sake duban hanya, ba kowa sai awaki. Mai unguwa ya jira, ya sake jira, sannan ya ce tunda haka ne ba shi da abin yi sai ya haɗa ta da mai ƙara su tafi Rogo wurin hukuma. Har an ce ta tashi, sai aka ji tsayuwar babur a ƙofa. Malama Sadiƙa ta shigo da sallama, ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta ba da haƙurin makara, ta ce tayarsu ce ta yi faci a hanya.

"Allah ya ja zamaninka, ni na buɗe wa yarinyar nan shafin. Wurin nan ba rubutu kaɗai yake ajiyewa ba. Yana ajiye ranar da aka yi shi da lokacin, da wanda ya jefa ƙuri'a, da inda tukuici ya tafi, kuma kowa yana iya dubawa, ba mai iya canzawa. Rubutun da ake magana an sa shi ne ranar Asabar ta makon jiya, ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin na safe."

Inna Saude ta ɗago kai a hankali. "Asabar ta makon jiya? Ai ranar sunan jikata ce." Ta juya ta dubi Mas'uda. "Yarinyar nan tun da gari ya waye tana gidana. Ita ta matse mini tunkuza turmi huɗu, hannunta dumu-dumu da mai har gwiwar hannu. Ko sallar azahar tare muka yi."

"Ai ana iya ɓuya a bayan gida a rubuta," in ji Nusaiba da sauri.

"Ana iyawa," in ji Malama. "Sai dai ƙuri'ar farko ta faɗo ne a cikin mintin da aka sa rubutun, kafin wani ya isa ya karanta shi, daga wani shafi mai suna Nusaiba Hammawa. Duk tukuicin wata biyar ɗin nan ma can aka riƙa tura shi, ga shi a jere. Sannan jiya da azahar an yi ƙoƙarin share rubutun, aka maye shi da ɗigo uku, na'ura ta ajiye sabon ta bar tsohon. A lokacin Mas'uda tana kan tabarmata a Ƙaraye tana kuka, wayarta kuma Malam Hammawa ya ce tana aljihunsa. Ranka ya daɗe, a ce Nusaiba ta buɗe tata wayar."

Nusaiba ta ce babu caji. Mai unguwa ya miƙa hannu a ba shi wayar. Ta dubi mahaifinta, shi kuma ya dubi ƙasa. Da aka kunna wayar cajinta ya fi rabi, Malama ta taɓa alamar Rumbu a gaban kowa, sai ga shafin Mas'uda a buɗe, a matsayin mai shi. Zauren ya ɗauki salati. Nusaiba ta fashe da kuka tana cewa ita ba ta zaci abin zai kai haka ba, ƙuri'a kawai take nema, kuma Baffa ne ya ce ta mayar da wayar cikin jaka.

Inna Saude ta taso da rarrafe ta kama Mas'uda ta rungume. "'Yar nan, ki yafe mini. Na bar ki da Allah a kan abin da ba ki yi ba, ga shi Ya amsa miki ba ni ba." Mas'uda ta yi ta maimaita "Alhamdulillahi" a kafaɗarta.

Mai unguwa ya yanke cewa Hammawa zai sayar da sansa ya biya Inna Saude asararta, ya mayar wa marainiya haƙƙinta, kuma daga ranar an cire riƙonta daga hannunsa. Ya ce a rubuta abin da aka gano a wannan shafin, da sunan wadda ta yi, don masu sayen mai su gani. Mas'uda ta yi ƙarfin hali ta ce, "Ranka ya daɗe, in an sa sunanta ba zai fita ba..." Ya ce, "Naki ma da ta sa bai fita ba." A nan zauren Malama ta canza makullin, ta raɗa wa Mas'uda sababbin kalmomi, ta haddace su kamar karatun allo, ba a sake rubuta su a takarda ba. Da yamma Inna Saude ta aiko aka ɗauki jakarta, ta ba ta ɗakin 'yarta da ta yi aure. Ba a yi mako uku ba man Inna Saude ya koma ƙarewa kafin la'asar a kasuwar Rogo, su kuwa dangin mai neman Nusaiba suka aiko a mayar musu da kayansu.

Bayan wata bakwai, wata ranar Juma'a da hantsi, Mas'uda tana tsince gyaɗa a faifai aka yi sallama. Nusaiba ce, ta rame, ta tsaya daga nesa kamar baƙuwa. Sai da aka ce ta zauna sau biyu sannan ta zauna a gefen tabarma.

"Mas'uda, wani ya fito neman aurena daga Tudun Kaya, mutumin kirki ne. Jiya ƙanwarsa ta nuna masa abin da ke shafinki. Wannan shi ne na uku da ya fasa." Hawaye suka zubo mata. "Na san ban cancanta ba. Ki taimake ni ki cire sunana."

Mas'uda ta ajiye faifan. Ta dube ta, ta tuna tsakar gida da jakarta a zazzage, ta nemi fushin a zuciyarta ba ta same shi ba, sai tausayi.

"Yaya Nusaiba, na yafe miki tuntuni, duniya da lahira. Amma cirewa ba ta hannuna. Da tana hannuna da na fara cire wanda aka yi wa Inna."

"To shi ke nan, haka zan ƙare?"

"Ba a cirewa, amma ana ƙarawa. Tashi ki shiga ki nemi gafarar Inna, tana ɗaki. In ta yafe, zan rubuta a ƙarƙashinsa cewa kin zo da ƙafarki, kin nemi yafiya, mun yafe. Duk wanda ya karanta na sama zai ga na ƙasa."

Nusaiba ta share ido da gefen mayafi. "Shi ma zai zauna?"

"Shi ma zai zauna," in ji Mas'uda.

Nusaiba ta miƙe, ta cire takalmanta a bakin ƙofar Inna Saude, ta yi sallama da muryar da ba ta fita sosai. Aka ɗan jima, sannan daga ciki aka amsa mata.